Salem 1692: Wa ya mutu a kan igiya, wa ya mutu a kan gadonsa?

 Kamar yadda muka saba, ga shirin wannan makon a rubuce, saboda waɗanda data ba ta barinsu su saurari murya, da kuma waɗanda suka ce sun fi gane karatu. Na ɗan gyara wasu wurare, amma yawanci yadda na faɗa haka na bar shi.

Yau Amurka za mu tafi, amma ba Amurkar da kuke gani a fim ba. Shekara 330 da ɗoriya za mu koma baya, lokacin da yankin Massachusetts yake ƙarƙashin mulkin Ingila.

Ina aji biyu a jami'a aka ba mu wani wasan kwaikwayo mu karanta, sunansa The Crucible, na Arthur Miller. Ma'anar sunan ita ce irin tukunyar nan da maƙeri ke narka ƙarfe a ciki. Ni dai saboda jarrabawa na ɗauke shi, ana gobe za a shiga, amma sai ga ni har asuba ban rufe ido ba. Labarin wani ƙauye ne, Salem, inda wasu 'yan mata suka fara faɗuwa suna ihu suna kiran sunayen mutane cewa mayu ne. Shugabarsu Abigail Williams, budurwa 'yar shekara 17, ta taɓa yin aikatau a gidan wani manomi John Proctor, suka yi lalata, matarsa Elizabeth ta kore ta. Sai Abigail ta ɗauki zargin maita ta mayar da shi makami don ta kawar da matar. A ƙarshe aka ba Proctor zaɓi, ko ya amsa laifin da bai yi ba ya rayu, ko ya ƙi a rataye shi. Ya sa hannu a takardar, sannan ya yage ta, saboda ba zai yarda a liƙa sunansa a ƙofar coci a kan ƙarya ba. Aka tafi da shi. Labule ya sauka.

Miller ba don Salem kaɗai ya rubuta wasan ba. A 1953 da aka fara nuna shi a New York, Amurka tana cikin zazzaɓin farautar 'yan kwaminisanci, zamanin Sanata Joseph McCarthy. Wani kwamitin majalisar wakilai yana kiran marubuta da 'yan fim, ya ce ka faɗi sunayen abokanka ko ka rasa aikinka. Aminin Miller, darakta Elia Kazan, ya faɗi sunaye a 1952. Shi kansa Miller an kira shi a 1956, ya yarda ya yi magana a kan kansa amma ya ƙi ambaton kowa, aka same shi da laifin raina majalisa a 1957, kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a 1958. Saboda haka mutumin ba da baki kawai ya tsaya ba, wannan dole a ba shi.

To amma ga abin da ya kawo shirin yau. A farkon littafin akwai ɗan bayani da Miller ya yi. Ya amsa cewa ya ƙara wa Abigail shekaru, ya rage yawan 'yan matan, ya haɗe alƙalai da yawa cikin mutum biyu, amma ya ce ƙarshen kowane mutum a wasan daidai yake da ƙarshensa a tarihi. Na daɗe da yarda da wannan magana. Sai da na koma na bi sunayen ɗaya bayan ɗaya, na ga ba haka ba ne, kuma inda aka canza ɗin ba ƙaramin wuri ba ne.

Mu fara da Abigail. Abigail ta gaskiya shekararta 11, wasu takardu sun ce 12. John Proctor na gaskiya yana wajen shekara 60, yana da gona da gidan saukar baƙi inda ake sayar da giya, Elizabeth kuma matarsa ta uku ce. Abigail ba ta taɓa aiki a gidansa ba. A gidan fasto Samuel Parris take zaune, ɗan'uwanta, tare da 'yarsa Betty mai shekara 9. Babu wata takarda ta lokacin da ta nuna wani abu ya shiga tsakaninta da Proctor. Miller ne ya ƙago wannan, kuma shi da kansa ya faɗi a wata maƙala a 1996 cewa daga wani ɗan motsi da ya karanta ya ɗauko zancen: wai a zauren bincike Abigail ta ɗaga hannu za ta mari Elizabeth, sai hannun ya sauka a hankali. Daga nan ya gina soyayya da kishi da komai.

A wasan, Abigail ta saci fam 31 na Parris ta gudu, sannan a shafin ƙarshe aka ce ana raɗe-raɗin ta zama karuwa a Boston. A tarihi kuwa, bayan watan Yunin 1692 sunanta ya ɓace daga takardun kotu, shi ke nan. Babu aure, babu ranar mutuwa, babu kabari. Yarinya ce wadda a yau 'yar aji shida ce a firamare. Ban ce ba ta yi ɓarna ba, ta yi, sunayen da ta kira sun kai mutane ga igiya. Amma ku riƙe wannan: a dokar wurin, yarinya ba ta iya shigar da ƙara. Ƙarar farko, ranar 29 ga Fabrairu 1692, magidanta huɗu ne suka kai ta, Thomas Putnam da ɗan'uwansa Edward, da Joseph Hutchinson, da Thomas Preston. Shi Thomas Putnam, masu binciken rubutun hannu sun gano shi ya rubuta takardun shaida sama da 100 a wannan shari'a. Yara suka yi ihu, manya suka riƙe alƙalami. Da aka zo ba duniya labarin, sai aka ɗora kayan a kan yarinya ɗaya mai kishi.

Proctor na gaskiya ba shi da wani ɓoyayyen zunubi da ke cin ransa. Laifinsa shi ne bakinsa. Mai aikinsa, Mary Warren, tana cikin masu faɗuwa, sai ya ce shi idan ya ɗaure ta a kan aikin kaɗi ya yi mata barazanar duka, faɗuwar tana tsayawa. Ya faɗi haka a bainar jama'a. Da aka kama matarsa a watan Afrilu ya bi ta zauren bincike, kafin a tashi shi ma an kira sunansa. Ranar 23 ga Yuli ya rubuta wasiƙa daga kurkuku zuwa ga manyan limaman coci na Boston, yana roƙon a mayar da shari'ar can ko a canza alƙalai. A ciki ya ba da labarin yadda aka ɗaure ɗansa William, wuya haɗe da dugadugai, har jini ya ɓalle masa ta hanci, don ya amsa laifi. Wasiƙar ba ta cece shi ba. Aka rataye shi ranar 19 ga Agusta tare da mutum huɗu. Babu takardar amsa laifi da ya sa wa hannu, babu wadda ya yage. Tun farko bai amsa ba.

Cikin waɗanda aka rataye rana ɗaya da shi akwai George Burroughs, tsohon faston ƙauyen, wanda ya karanta addu'ar Kiristoci tiryan-tiryan a gindin igiya, alhali an yi imani maye ba ya iya wannan. Taron ya fara rawa, sai malamin coci Cotton Mather, yana kan doki, ya shawo kansu cewa Shaiɗan yana iya shiga kowace riga. Wannan mutumin ba shi da rawar da ya taka a wasan Miller. Af, kuma kafin in manta, a Salem ba a ƙona kowa ba, duk da abin da kuke gani a hotuna. Rataya aka yi.

Elizabeth ita ma an yanke mata hukuncin kisa, ciki ne ya jinkirta shi, wannan kam wasan ya faɗi daidai. Ta haihu a kurkuku a watan Janairun 1693, ɗa namiji, aka sa masa sunan ubansa. Da ta fito a watan Mayu sai ta tarar babu gidan da za ta koma. Tun suna tsare, jami'in da ke zartar da umarnin kotu, George Corwin, ya je ya kwashe dukiyarsu, ya sayar da shanu, ya yanka wasu, ya zubar da giyar da ke cikin ganga ya tafi da gangar, har tukunyar miyar yara ya juye ya ɗauke. Wannan Corwin ɗin matashi ne, shekararsa ba ta wuce 26 ba, ɗan ɗan'uwan wani alƙali ne, kuma surukin wani alƙalin. Kun dai gane. Sannan wasiyyar mijinta ba ta ambace ta ba, kuma tunda an yanke mata hukunci, a idon doka matacciya ce, ba ta da ikon neman ko sisi. Mace tana tafe da ƙafarta, da jariri a hannu, doka ta ce ta mutu. Sai da ta rubuta koke a 1696, kuma sai 1703 aka ɗage mata wannan tabon. Ta sake aure a 1699.

Rebecca Nurse ita ce wadda labarinta ya fi tsaya mini a rai. Tsohuwa ce 'yar shekara 71, ba ta ji sosai, tana kwance ba lafiya aka zo aka gaya mata an kira sunanta. Maƙwabta 39 suka sa hannu a takarda suna shaidar halinta, har da wasu daga dangin Putnam. Mutum 12 da ake zaɓowa daga cikin jama'a su yanke ko mutum ya yi laifi, suka fita suka dawo suka ce ba ta da laifi. Nan take 'yan matan suka ɓarke da ihu. Shugaban kotun ya ce a koma a sake duba wata kalma da ta faɗa, wadda za a iya fassarawa kamar ta haɗa kanta da mayu. Aka tambaye ta me take nufi, ba ta amsa ba, don ba ta ji tambayar ba. Shirun kurumta ya zama hujja. Suka dawo suka ce ta yi laifi. Gwamna William Phips ya ɗage mata hukuncin, aka matsa masa ya janye. Cocinta ya kore ta a gaban jama'a, aka rataye ta ranar 19 ga Yuli, wata guda kafin Proctor, ba safiya ɗaya ba kamar yadda wasan ya nuna. Kun tuna Thomas Preston, ɗaya daga cikin magidanta huɗun da suka kai ƙarar farko? Mijin 'yarta ne. Wutar da ya taya hurawa a Fabrairu, kafin ƙarshen Maris ta shiga gidan surukansa.

Ƙanwarta Mary Easty an rataye ta ranar 22 ga Satumba. Kafin nan ta rubuta wa alƙalai takarda, ta ce ba ranta take roƙo ba, ta san nata ya ƙare, roƙonta kada a ƙara zubar da jinin wanda bai ji ba bai gani ba. Har ta ba su shawara, ta ce su raba masu zargin su tambaye su ɗaya-ɗaya. Ka ji fa, abin da kowane ɗan sanda ya sani a yau, wata matar manomi da ke jiran igiya ce take koya wa kotu.

Sai Giles Corey, wanda masu karatu suka fi so, tsohon da ya ƙi magana aka danne shi da duwatsu, ana ce masa ya amsa shi kuma yana cewa a ƙara nauyi. Dannewar gaskiya ce. Yana wajen shekara 80, ya ƙi yarda kotun ta yi masa shari'a, aka kwantar da shi a fili aka ɗora masa katako da duwatsu, ya cika ranar 19 ga Satumba. Wasan ya ce don 'ya'yansa su gaji gona ya yi shiru. Amma tun yana kurkuku ya riga ya rubuta gonar da sunan surukansa biyu. Abin da ya gani da idonsa shi ne duk wanda ya tsaya gaban wannan kotun an same shi da laifi, babu ko ɗaya da ya tsira, sai ya ƙi ba su wannan damar. Kuma ba waliyyi ba ne. Shekaru 16 kafin nan ya taɓa dukan wani baransa, Jacob Goodale, ya mutu bayan 'yan kwanaki, aka ci shi tara kawai. Da aka kama matarsa Martha kuma, ya ba da shaidar da ta ƙara mata nauyi. Kwana uku bayan mutuwarsa aka rataye ta. Mutum ɗaya ne ya yi wancan ya yi wannan, ni dai ban san yadda zan raba su ba, kuma ba na ƙoƙarin rabawa.

Yanzu ga wurin da maganar Miller ta faɗi warwas. Sarah Good, mabaraciyar ƙauyen. A wasan ta amsa laifi, ta tsira, muka gan ta a kashi na ƙarshe a kurkuku tana sambatu tare da Tituba, abin ma kamar na ban dariya. Sarah Good ta gaskiya ba ta amsa ba. An rataye ta rana ɗaya da Rebecca Nurse, kuma a gindin igiya da wani limamin coci, Nicholas Noyes, ya ce ta amsa, sai ta ce masa maƙaryaci ne. Jaririyarta ta mutu a kurkuku. 'Yarta Dorothy, shekara 4, ita ma an kama ta, an yi mata tambayoyi, an sa mata mari a ƙafa, ta yi fiye da wata takwas a kurkuku. Shekara 4 fa, jama'a. A 1710 ubanta ya rubuta wa hukuma cewa tun daga lokacin yarinyar ba ta da hankalin da za ta iya kula da kanta. Sarah Osborne kuwa, wadda wasan ya ce za a rataye, a kurkukun Boston ta mutu a watan Mayu kafin a yi mata shari'a.

Tituba baiwar Parris ce, takardun lokacin suna kiranta Ba'indiya, wato daga 'yan asalin nahiyar Amurka. Ita ce ta fara amsa laifi, a farkon Maris, kuma labarin da ta bayar na wani littafi mai ɗauke da sunaye shi ya gamsar da mahukunta cewa akwai ƙungiyar mayu a ƙasa. Daga baya ta ce ubangidanta ne ya doke ta ya sa ta faɗa. Ta yi fiye da shekara a kurkuku. A wancan zamanin fursuna shi ke biyan kuɗin abincinsa da na sarƙar da aka ɗaure shi da ita, Parris ya ƙi biya, sai aka sayar da ita ga wani a kan kuɗin kurkukun a 1693. Daga nan babu sauran labarinta. Wata tsohuwa ma, Lydia Dustin, an wanke ta a kotu, amma ba ta da kuɗin fita, a ciki ta mutu.

Idan ka haɗa lissafin: an zargi mutum sama da 200, an rataye 19, mata 14 maza 5, an danne ɗaya, aƙalla 5 sun mutu a tsare. Sama da 50 sun amsa laifi, kuma babu ko ɗaya da ya amsa ya tsaya a kan amsarsa da aka kashe. Samuel Wardwell ya amsa, ya dawo ya ce ƙarya ya yi, aka rataye shi. Wato kotun ta mayar da ƙarya hanyar rayuwa, kuma ba a karɓar amsarka sai ka haɗa da sunan wani.

Hujjar da kotun ta fi dogara da ita, ni na sa mata suna shaidar kurwa. Yarinya za ta ce kurwar wance ta zo mini da dare ta shaƙe ni, ko ga ta can a kan azara tana kallona. Babu wanda ke gani sai ita. Ko kana wani gari a daren, ba zai cece ka ba, don ba jikinka ake zargi ba. Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ba sai an yi masa fassara ba. Ina ɗan shekara 9 aka yi haka a unguwarmu. Wata yarinya zazzaɓi ya yi mata tsanani, tana fizge-fizge, ta kira sunan wata tsohuwa mai sayar da daddawa. Aka je aka jawo tsohuwar, aka ce ta tsallake yarinyar ta sakar mata kurwa. Mu yara muka bi ta da ihu har ƙofar gidanta, kuma ni ma na jefa dutse, ban san ko ya same ta ba. Bayan sati biyu ta bar garin. Yarinyar a asibiti ta warke. Abin da na fi tunawa yanzu shi ne ba mu ne muka jawo ta daga ɗakinta ba. Waɗanda suka jawo ta har yau ana gaishe su da girmamawa.

To mu duba manyan Salem, su yaya suka ƙare?

Wasan ya sa Thomas Danforth a matsayin babban alƙali marar tausayi. A tarihi Danforth ya jagoranci zaman bincike ɗaya a watan Afrilu, wanda aka kama su Proctor a cikinsa, amma ba ya cikin kotun da ta yanke hukuncin kisa, kuma wata wasiƙa ta Oktoban 1692 ta lissafa shi cikin waɗanda ba su yarda da yadda ake shari'ar ba. Wanda ya shugabanci kotun shi ne William Stoughton, mataimakin gwamna, wanda ilimin addini ya karanta ba shari'a ba. Shi ne ya mayar da mutum 12 ɗin nan su sake duba maganar Rebecca. Gwamna Phips ya rushe kotun a ƙarshen Oktoba, bayan Increase Mather ya rubuta cewa gara mayu goma su kuɓuta da a kashe mutum ɗaya marar laifi, kuma bayan zargin ya fara taɓa manyan gari. Duk da haka a farkon 1693 Stoughton ya sa hannu a takardar kisan mutum takwas. Da gwamna ya hana, ya tashi daga kujera cikin fushi ya fita. Bai taɓa neman gafara ba. Ya riƙe mulkin yankin na shekaru, ya mutu a 1701 da martabarsa. Yau akwai gari mai sunansa a Massachusetts, akwai kuma gini mai sunansa a Jami'ar Harvard. Wasan da ya fi kowane littafi yaɗa labarin Salem bai sa shi a kan dandamali ba.

John Hathorne, wanda ya yi wa su Tituba tambayoyi kamar an riga an yanke hukunci, shi ma bai tuba ba, ƙarin girma ma ya samu, ya mutu a 1717. Jikan jikansa ne marubuci Nathaniel Hawthorne, wanda kunyar kakan nasa ta bi shi cikin rubuce-rubucensa. Parris ya ɗan yi wani neman afuwa a 1694 wanda bai gamsar da iyalan Nurse ba, suka yi ta fama da shi har ya bar ƙauyen a 1697, ya mutu a 1720. 'Yarsa Betty, wadda a kanta aka fara, an ɗauke ta daga ƙauyen tun watan Maris, ta warke, ta yi aure, ta haihu, ta rayu har 1760. Fasto John Hale, wanda a wasan ya fice daga kotu cikin ɓacin rai, a tarihi ya ci gaba da mara wa shari'ar baya har watan Nuwamba, lokacin da aka kira sunan matarsa. Daga baya ya rubuta littafi yana amsa cewa sun bi hanya a cikin duhu, aka buga shi a 1702, shekara biyu bayan mutuwarsa.

Alƙali ɗaya ne ya miƙe. Ranar 14 ga Janairu 1697, ranar da aka ware don azumi da tuba, Samuel Sewall ya ba limamin cocinsa a Boston takarda, ya tashi tsaye a gaban jama'a ana karantawa, yana cewa laifin da kunyar shi ya ɗauka. Mutum 12 daga cikin masu yanke hukunci su ma sun sa hannu a takardar neman gafara. Sewall ɗin nan, bayan shekara uku, ya rubuta ɗan littafi yana sukar cinikin bayi, a lokacin da faɗin haka ba ya jawo wa mutum farin jini.

Cikin 'yan matan kuwa, ɗaya ce ta fito. Ann Putnam ƙarama, 'yar Thomas Putnam, wadda Miller ya canza mata suna zuwa Ruth. Shekararta 12 a 1692, ta kira sunaye kusan 60. Iyayenta duka biyu sun mutu a 1699 suka bar mata ƙanne. A watan Agustan 1706 ta tsaya a cocin ƙauyen aka karanta takardarta, ta ce waɗanda ta zarga ba su da laifi, ta ambaci Rebecca Nurse da 'yan'uwanta biyu. Ta ce Shaiɗan ne ya ruɗe ta, kuma wasu suna ganin wannan zamewa ce. Wataƙila. Amma ubanta da ya rubuta takardun ya tafi kabari bai ce ko wannan ba. Ba ta yi aure ba, ta mutu ba ta kai shekara 40 ba.

A 1711 hukuma ta wanke sunan waɗanda iyalansu suka kai koke, ta raba diyyar fam 578. Gidan Proctor sun samu fam 150, uban Dorothy ya samu fam 30. Tituba ba ta cikin lissafin. Waɗanda ba su da mai rubuta musu koke aka bar su da tabonsu. A 1957, shekarar da aka sami Miller da laifi, majalisar jihar ta wanke Ann Pudeator da suna, sauran ta ce da wasu mutane kawai. Sai a 2001 aka rubuta sunayen mata biyar da suka rage, ciki har da Bridget Bishop, wadda aka fara ratayewa ranar 10 ga Yuni 1692.

Duk da haka an manta da mutum ɗaya. Elizabeth Johnson ƙarama, 'yar garin Andover, shekararta 22 lokacin da ta amsa laifi. An yanke mata hukuncin kisa a Janairun 1693, tana cikin waɗanda gwamna ya hana a rataye. Da ta ga babu sunanta a dokar 1711 ta rubuta koke da kanta, ba a kula ba. Ba ta bar 'ya'ya ko jikokin da za su bi mata magana ba. Ɗaliban wata ƙaramar sakandare a North Andover, 'yan shekara 13 zuwa 14, su da malamarsu Carrie LaPierre ne suka tono shari'ar, suka rubuta daftari, suka kai wa sanatar yankinsu Diana DiZoglio. Aka cusa maganar cikin dokar kasafin kuɗin jihar, gwamna ya sa hannu a watan Yulin 2022, shekara 329 bayan hukuncin.

Nan za mu tsaya yau. Wanda yake son ganin wasan, akwai fim ɗinsa na 1996, Daniel Day-Lewis ne ya fito a Proctor, Winona Ryder a Abigail, kuma Miller da kansa ya rubuta shi. Sai mun haɗu a mako mai zuwa in Allah ya kai mu.